Albasar Talha a Bakin Zobe

Ranar Alhamis ɗin, ƙarfe bakwai da kwata, Malam Atiku ya ji ƙarar babur a ƙofar gidansa da ke Kurfi, ya san ɗansa Talha ne ya zo daga Zobe. Ƙarfe takwas suka karya da koko da ƙosai a zaure, su biyu, kamar yadda suka saba tun rasuwar mahaifiyar Talha. Wajen goma Talha ya hau tsani ya gyara indararon da ya karkace. Sha biyu saura, uban ya miƙa masa jarida, ya ɗora yatsa kan sanarwar ɗaukar ma'aikata.

"Baba, ba ka gajiya?" in ji Talha yana murmushi.

"Na gaji da gaya wa mutane ɗana mai digiri ban-ruwa yake yi."

"Ce musu injiniyan albasa ne."

Malam Atiku bai yi dariya ba. Suka yi azahar a masallacin unguwa. Bayan la'asar Talha ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ya ce sai wata Alhamis.

Washegari da hantsi kububuwa ta sare shi cikin fangalin albasa. Kafin a kai shi asibiti a Dutsin-Ma rai ya yi halinsa. Shekararsa ashirin da tara.

Talha ya yi aikin ofis shekara uku a Katsina, sannan wata rana ya dawo da akwatinsa. Ya ce kullum safiya in ya doshi ofishin nan sai ƙirjinsa ya yi nauyi, bai kuma san dalili ba. Ya samu fili a bakin dam ɗin Zobe ya kama noman rani. Malam Atiku, wanda ya shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi, ya ɗauki abin a matsayin gazawa. Shekara huɗu bai taɓa taka lambun ba.

Duk kwanakin zaman makoki tambaya ɗaya ke cin sa: yaron nan ya sami abin da ya je nema, ko ɓuya kawai ya yi? Da mutane suka watse, liman ya shaida masa cewa tunda Talha bai bar mata ko ɗa ba, gadon duka nasa ne.

Rana ta tara ya tafi Zobe, yana zaton zai tarar da shuka ta bushe. Sai ya same ta koriya shar. Wani dattijo mai lambun kusa, Labaran, ya taso yana goge laka a gefen riga.

"Malam, ya haƙuri? Mu muke ba ta ruwa bi da bi. Haka muke yi a nan in wani ya kwanta ko ya rasu, har magada su zo."

Malam Atiku ya yi godiya. Ya daɗe yana kallon fangalan, a jere kamar an ja su da rula.

"Malam Labaran, yana jin daɗin zaman nan kuwa?"

"To, ban taɓa tambayarsa ba. Wata rana sai ya wuni bai ce uffan ba. Amma in ya ta da injin ruwa, waƙa yake yi, da wata murya kamar ta jakin da aka hana dusa. Har roƙonsa muka yi ya bari, ya ƙi."

Malam Atiku bai taɓa jin Talha yana waƙa ba. Ya so ya tambayi wace waƙa ce, ya kasa.

A bukkar da Talha yake kwana a gefen lambun ya tarar da tabarma, buta, riguna huɗu, takalmin roba, da takardar digiri a naɗe cikin leda. Rigunan ya bayar sadaka a masallacin ƙauyen Shema da ke kusa. Babur ya ba mijin Rahamatu, ƙanwar Talha. Takardar ya sa a aljihu. Injin ruwa ya ce a bar shi inda yake, kowa ya yi amfani da shi.

Saura albasa. Labaran ya ce akwai mai son sayen ta a tsaye tun ba ta nuna ba, in ba haka ba sai an yi mako shida ana ban-ruwa.

Malam Atiku ya zauna a bakin bukka, ya cire takalminsa, ya zura ƙafa cikin na robar. Ya yi masa yawa kaɗan.

"A bar ta ta nuna," ya ce. "Nuna mini inda ake buɗe ruwan."