Gaisuwa Daga Kan Sitiyari

Shekara goma sha tara Dogo yana jan babbar motar wani kamfanin magunguna, daga sito zuwa shagunan garuruwa. Mutum ne mai tsawo da ƙarancin magana, in ya shiga mota sai ya naɗe ƙafafu kamar mai ninke tabarma. Gidan mahaifiyarsa na kan hanyarsa, don haka duk Talata sai ya faka, ya shiga ya durƙusa, ya sha ruwan randarta, ta yi masa faɗan ramewa, sannan ya kama hanya.

Kwatsam kamfani ya haɗa gwiwa da wasu masu harkar na'ura. Suka liƙa wani ɗan akwati mai nuna inda mota take a ƙarƙashin sitiyari, wai don kaya su riƙa isa kan lokaci. Kuma suna isa, wannan babu musu. Sai dai Dogo ya koma ɗigo a allon ofis. Da ɗigon ya tsaya fiye da minti uku inda ba a tsara ba, sai waya ta yi ƙara.

"Dogo, me ya tsayar da kai?" in ji manaja.

"Ranka ya daɗe, tsohuwa nake gaisarwa."

"Na'ura ba ta san tsohuwa ba. Gargaɗi na biyu ke nan."

Na uku kora ce, ga 'ya'ya biyar a gida. Hutunsa kwana ɗaya ne, shi ma a gareji yake ƙarewa, gidan tsohuwa kuwa tafiyar awa huɗu ne daga nasa. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ya buga mata waya ya yi bayani. Ta ce, "To, kar ka tsaya, ɗan nan. Ni zan fito."

Tun daga nan, duk Talata sai ta jawo kujerarta bakin titi. Shi kuma ya rage gudu, ya danna hon sau biyu, ya ɗaga hannu, ya wuce. A haka aka shekara.

Wata Talata ya hango ta daga nesa, wata tankar mai na gabansa. Ya ga ta miƙe da ƙyar tana ɗaga wa tankar hannu, tana murmushi, tana sa mata albarka. Ashe idanun sun tafi, ba wanda ya gaya masa. Kafin ya iso ta juya tana laluben hanyar gida. Ya danna hon, ba ta waiwayo ba, don a wurinta ɗanta ya riga ya wuce.

Ya kai ƙafa kan birki. Sai ya tuna yara, ya mayar da ita kan totur, yana share ido da bayan hannu.