Ya Gumsu Mai Karɓar Kitse

Hantsi bai gama ɗagawa ba zafin bazara ya sauka a mayankar Maiduguri, Ya Gumsu kuwa ta riga ta iso da kular ƙanƙara. Shekara da shekaru haka take, har lokacin da mutane ke tsoron fita. Aikinta karɓar ɗan kitsen saniya, ta rufe a kwalba, ta kai wa masu bincike. Sun ce a jikin kitse akwai abin da saniya ta gada, shi ke ba da umarnin yawan maiƙon nan mai toshe jijiya. Saboda haka kowace saniya da kwalbarta.

Da hanyar Baga ta rufe, shanun Kuri, masu manyan ƙahonin nan na bakin tafki, suka daina zuwa. Ɗaliba Rahmat, ɗaya daga cikin masu binciken, tana jiran kitsen Kuri ɗaya, in babu shi karatunta ya tsaya. Ranar da aka samu, Nasidi mahauci ya yanka, sai hannu ya yi abin da ya saba, ya ɗora gyara daga wata saniyar.

"Nasidi, me ka ƙara?"

"Gyara ce, Ya Gumsu. Ke ma a bar ki haka?"

"Ka haɗa mini gado biyu a kwalba ɗaya, ɗana. Ina sauran naman?"

An riga an loda shi a keke, an yi kasuwa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ja Nasidi suka bi rumfa rumfa cikin rana, ƙanƙara na narkewa, har ya gane yankan wuƙarsa, ya yanko mata kitsen Kurin zalla. Rahmat ta gama karatu, ba ta taɓa jin wanda ya yi ɓarnar ba.

Ya Gumsu, ke ce kika rufa wa mahauci asiri, kika tsare wa yarinya wahalarta. Yanzu da kika ajiye aiki, mun gode, Allah ya ba ki lafiyar hutawa. Masu tasowa, ku riƙe abin mutane yadda ta riƙe.

Jiya wadda ta gaje ta ta makara. Nasidi ya wanke wuƙa, ya yanki kitsen saniya ɗaya tak, ya ajiye a inuwa. Ta zo tana waya, ta ɗauka, ta wuce. Shi kuwa ya koma kan fawarsa.