Kasa a Ƙarƙashin Damin Shinkafa

A ƙauyenmu na fadamar Auyo, tun kafin a datse kogi, lokacin yankan shinkafa ne kakarmu Inna Gambo ta fi bandar kifi. Bayan magariba mu jikoki mukan kewaye wutar muna haɗiyar yawu. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya da take maimaitawa duk shekara kafin a tura mu kwasar dami.

"Ga ta nan, ku buɗe kunne," in ji ta. "Kai Sule, sarkin kwaɗayi, cire hannunka daga tarwaɗata!"

Wai da aka raba wa macizai hali, kumurci ya zaɓi fasa kai, saura suka zaɓi gudu. Kasa kuwa, gajera mai kauri, ta ce ba ta bin kowa, ba ta guje wa kowa. Za ta kwanta cikin busasshen ganye mai launin jikinta ta jira ɓera. Wanda ya matso, ta yi masa huci, iyakar kashedinta ke nan. Ɓeraye suka bi shinkafa, kasa ta bi ɓeraye. Sai ga wani saurayi ya zo ɗaukar dami yana rera waƙa. Ya buga ƙafa yadda ake korar maciji, bai ga komai ya fito ba, ya zura hannu. Ta yi hucinta, waƙarsa ta danne hucin, sai kasa ta sare shi.

"Inna, yaya sunansa?" na tambaya.

"Wancan dai," ta ce, tana juya kifi. "Da sanda ake juya dami, ba da hannu ba. Kun ji ko?"

Wallahi haushin tatsuniyar nan nake ji. Ba suna, ba dariya, ko ƙurunƙus ba ta yi mata.

Bayan rasuwarta, ina magidanci, na tuna wa Baba labarin muna gona. Ya daɗe yana kallon sandar hannunsa.

"Yayana ne," ya ce. "Ɗan farinta."

A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa kuka a gaban mutane. Kunya ta hana. Ashe makokinsa take yi a gabanmu duk shekara, mu kuwa hankalinmu na kan kifi. Har yau zuciyata na sosuwa in na tuna. Cikin jikokinta dai babu wanda ya taɓa ɗaga dami da hannu.