Wayar da Malam Ya Murɗa

Na fi sanin tafin ƙafarsa a kan fuskarsa. Shekara da shekaru, in na bi ta layin makanikai zan tafi kasuwa, abin da nake gani ke nan, ƙafafu biyu cikin silifa sun leƙo daga ƙarƙashin mota. In na yi sallama sai murya ta amsa daga can ƙasa, babban yatsa ya ɗan motsa, gaisuwa ta ƙare. Mai Salansa ake ce masa, don aikinsa ke nan, gyaran bututun da ke fitar da hayaƙin mota.

Matarsa ajinmu ɗaya a makarantar mata ta unguwa, a bakinta na ji tarihinsa. Da walda ya fara tun yana saurayi, har hasken wutar ya taɓa masa ido ɗaya, likita ya ce ya bari. Da ya bari bai yi nisa da ƙarfe ba, sai ya koma ƙarƙashin mota, inda hannu da kunne suka fi ido aiki. Rumfarsa ta kwano ce, tsakanin mai faci da mai fenti. A jikin ginshiƙinta ya kafa ƙusoshi, ya jera robobi baƙaƙe, manya da ƙanana, wasu kamar zobe, wasu masu huda biyu. Matarsa ta ce ko a gida haka yake, in tukunya ta canja sauti a kan wuta shi ke fara ji. Shi ya yi jinyar mahaifiyarsa har ta cika a hannunsa, kuma bai taɓa ba kowa labari ba.

Ni kuwa abin da ya haɗa ni da shi mota ce. Maigidana Malam, Allah Ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana tsohuwar mota, ya kuma bar mini amanar mahaifiyarsa, Inna, wadda idanunta suka rufe tun yana da rai. Motar nan tana da wata ƙara a ƙarƙashinta, ƙwaram ƙwaram, duk sanda ta taka rami. Tun daga bakin layi Inna ke jin ta, sai ta gyara zama ta ce, "Ga shi nan ya dawo." Bayan rasuwarsa ma ba ta daina faɗa ba, ko da yake ta san jikanta ne a ciki. Auta ke tuƙa ta yanzu, ɗana na ƙarshe, tela ne, da matarsa da 'yarsa.

Inna tana da hawan jini, asibiti suna son ganinta a kai a kai. Kuma ba ta shiga kowace mota sai wannan. An kawo ta maƙwabci, an kawo ta haya, sai ta shafa ƙofa ta janye hannu. In ba motar ɗanta ba, sai dai a bar ta da ciwonta.

Wata safiya Auta zai fita, motar na tsallake dakalin ƙofar gida sai muka ji gwaram. Bututun ya sauko yana jan ƙasa. Ranar asibitin Inna kuwa ta matso, maganinta ya kusa ƙarewa, ƙafafunta sun fara kumbura.

"Umma, a rabu da motar nan," in ji Auta. "Ta tsufa. Kayanta ma an daina kawowa."

"Kai ma in ka tsufa a rabu da kai," in ji Inna daga ɗaki.

"Tsohuwa, ke da ba kya gani, ina ruwanki da mota?"

"Kunnena ya fi idonka, mai ɗinkin karkace."

Na yi alwala na yi raka'a biyu, sannan na ɗauki mayafi na nufi layin makanikai. Ranar na fara ganin fuskarsa sosai. Ɗan gajere ne, da furfura a gemu, ido ɗaya a lumshe kamar mai jin barci. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya tambayi irin motar, na ce ban sani ba, fara ce dai, ta Malam. Ya yi murmushi ya ce ya san ta, mai ƙwaram ƙwaram. Ya zaro robobi daga ƙusa ya zuba a aljihu, ya ce in yi gaba.

Da hantsi ya iso a kan keke. Ya taɓa bututun da bayan hannu, ya ji ya huce. Ya ɗaga motar da jak, amma ya ƙi shiga sai da Auta ya gangaro masa da guntun kututture biyu aka tokare ta. Ya ce shi da jak gaisuwa ce kawai, babu amana. Sannan ya shimfiɗa kwali ya shige, aka bar mu da ƙafafu.

"Hajiya," muryar ta fito, "a taimaka mini da ruwan ɗumi a kwano, da sabulu."

"Wanka za ka yi a ciki?" in ji Auta.

"Amare zan yi wa wanka."

Robobin yake nufi. Na kawo, ya jefa su cikin kumfa ya bar su su jiƙa. Auta ya ɗauko ragowar baƙin mai ya ce ai wannan zai fi santsi. Mai Salansa ya ce haka ne, zai fi santsi yau, amma mai cin roba yake yi a hankali, sabulu kuwa in ya gama aikinsa bushewa yake ya tafi. Auta ya ce to me zai hana a yi walda a manne bututun da jikin mota a huta. Ya ce bututu rawa yake yi tare da inji, in aka hana shi rawa sai ya tsage, shi ya sa ake rataye shi da roba. Auta ya ce ashe kamar ɗinki ne, in ba a bar wa hammata sarari ba riga yagewa take. Suka yi dariya tare.

Na zauna a kan tabarma daga gefe ina jan carbi ina kallo. Ya miƙo tsofaffin robobin ɗaya bayan ɗaya, duk sun tsattsage kamar faso. Na ji yana kankare tsatsar ƙugiyoyin da ake maƙala su. Can sai kankarar ta tsaya.

"Hajiya, marigayi bahago ne?"

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya turo kansa waje, a hannunsa wata waya ce mai tsatsa, an ninka ta an murɗe. Ya ce a nan baya roba ta daɗe da tsinkewa, wani ya ɗaure bututun da wannan, kuma murɗin ta hagu ya tafi. Ita ce ta riƙe har ta gaji ta katse a gefe ɗaya. Ƙarfe a kan ƙarfe, ita ke yin ƙarar nan duk shekarun nan.

Sai na tuna ranar. Mun dawo daga ziyarar ƙanwata, Malam ya kwance wayar shanyata ya shige ƙarƙashin mota da fararen kaya, na yi ta mita. Ya ce na kwana biyu ne, zai kai a gyara. Mai Salansa bai jefa wayar cikin tarkace ba. Ya goge ta da tsumma, ya lanƙwashe bakinta mai kaifi da filaya, ya ajiye a gefen tabarmata, ya koma ƙarƙashin motar.

Ya tokare bututun da katako, ya fara daga gaba ya nufo baya. Kowace roba sai ya maƙala ta a ƙugiyar sama, ya sa sukundireba ya ja ta ƙasa, ina jin nishinsa, sannan ɗaf, ta shige. Da ya gama ya zura yatsu biyu tsakanin bututu da jikin mota, ya kama bakin ya girgiza. Bututun ya yi lilo a hankali ya tsaya. Aka sauke motar, Auta ya zagaya layi da ita ya dawo, ya taka kowane rami da gangan. Motar ta yi shiru kamar ba ita ba. Na ce alhamdu lillahi.

Aka riƙo Inna aka fito da ita don a gwada. Ta tsaya ta karkata kai tana saurare.

"Kun sayar," ta ce. "Kun sayar kun kawo mini wata. Ku mai da ni ɗaki."

Auta ya rantse, na rantse, ta ƙi. Ta shafa ƙofa ta ce ƙofa ai duk ɗaya ce. Ni kuma ƙafafun nan nata masu kumburi kawai nake kallo. Auta ya juya ya ce da Mai Salansa ko zai ɗan sassauta wani abu, ƙarar ta dawo. Ya girgiza kai. Ya ce ba zai bar ɓaraka a motar da za a ɗauki tsohuwa ba, in bututu ya tsage hayaƙi ciki zai shiga.

Ya wanke hannunsa a sauran ruwan sabulun, ya ɗauki wayar, ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ba ni hannunki. Ga mai ƙarar nan. A ƙarƙashinta na ciro."

Ta karɓa. Yatsunta suka bi murɗin a hankali daga sama har ƙasa, suka sake komowa.

"Hagu," ta ce. "Na yi dukan hannun nan har na gaji, ya ƙi bari." Ta ja hanci. "Ashe shi ya yi wannan aika-aikar, ya cika mana kunne."

"Ta riƙe fa, Inna. Ta riƙe sosai."

"Kai ɗan waye?"

"Mai salansa ne."

"To Allah Ya yi maka albarka, mai salansa. Auta, buɗe mini, ka tsaya kamar turke."

Ta shiga ta zauna, wayar a cinyarta. Ranar asibiti ma da ita ta tafi, ɗaure a bakin zani, kuma likita ya canja mata magani, kumburin ya sauka.

Yanzu in Auta ya shigo layi ba ma jin komai sai ya yi hon. Inna ta daina cewa ga shi nan ya dawo. Cewa take, "Ga mai ɗinkin karkace nan." Ni kuma in na bi ta layin makanikai nakan yi wa ƙafafun nan sallama, yatsa ya motsa, in wuce. In na idar da salla ina sa shi cikin addu'a, shi da mahaifiyarsa.