Wainar Sadaka a Gidan Giya

Yayana ya rasu a kan kujerar falonsa a Laurel, wani gari kusa da Washington, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu. Likita ya ce zuciya ce. Na ce to. Duk wanda ya yi mini magana a kwanakin nan, abin da ya samu ke nan, to.

Ranar jana'iza ina tsaye can baya cikin mata. Liman ya ce duk wanda mamacin ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa, jama'a suka haɗa baki suka ce sun yafe. Ni bakina bai buɗe ba. Ba wai ina riƙe da shi a lokacin ba ne, kawai dai ba na jin komai, har yatsun ƙafata da sanyin Maris ya kama sai da na dawo gida na lura da su. Mata suna ta leƙen fuskata suna jiran hawaye. Wata har ta matse mini kafaɗa ta ce in yi kuka in huta. Na ce mata ta sake mini mayafi.

Mu biyu ne a ƙasar nan, ni da shi. Inna, mahaifiyarmu, tana Zariya. A shekarun nan sai ka sayi kati a shagon 'yan Habasha, ka kankare, ka danna lambobi masu tsawon tsiya kafin ka ji muryar gida. Da na same ta, ba ta yi kuka ba ita ma. Aiki ta ba ni.

"Kin san ɗan'uwanki da baki," in ji ta. "Ku biyun nan duk haka na haife ku. Na masallaci sun yafe, na ji. Na wurin aikinsa fa? Su ne ya wuni da su shekara da shekaru."

Na ce, "Inna, Turawa ne. Ba su san wannan ba."

"Haƙƙi ya san Bature? Ki yi waina ta sadakar uku, ki kai musu da ƙafarki. Ki roƙa masa gafara, ɗaya bayan ɗaya, ki ji da kunnenki. In ba haka ba, ni ba zan iya barci ba, shi ma ba zai kwanta ba."

Abin da na sani game da aikin Yaya bai taka kara ya karya ba. Ya ce mini yana kicin a wani gidan cin abinci a cikin Washington. Ni kuma ina aikin kula da tsofaffi, lokutan aikinmu ba sa haɗuwa, ban taɓa bin diddigi ba. Sai na tambayi mutumin da suke haya tare, wani ɗan Kumasi mai aikin gadi, ya kwatanta mini wurin. Bawan Allah ya kama sosa ƙeya. Ya ce in bari shi zai kai. Na ce ba shi aka aika ba. Ya ce wurin da nisa. Na ce ai ba a kaina zan ɗauki jirgin ƙasan ba. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya kwatanta mini titin, idonsa a kan kafet.

Na jiƙa shinkafa, na niƙa, na sa yis, ƙullu ya kwana ya tashi. Da safe na ɗora tandar ƙarfen da na taho da ita daga gida. Ina juya waina, ina kallon hannuna kamar na wata. Na cika kula, na ƙulla sukari da yaji daban, na yafa mayafi a kan rigar sanyi, na hau jirgin ƙasa.

Bayan azahar na isa. Tsohon gini ne na jan bulo, a tsakanin wani shagon wanki da wani na littattafai. Ƙofar katako ce baƙa, sai ka sauka matakala kaɗan kafin ka kai gare ta. Na tura da kafaɗa saboda kular.

Wari ne ya fara gaya mini. Tsami-tsami, ɗumi-ɗumi, kamar ƙullun da na bari ya kwana. Na san warin nan. Shi nake ji a jikin jaket ɗin Yaya duk ranar da ya biyo ta gidana cin tuwo, ni kuma sakarya nake cewa warin burodi ne.

Da idona ya saba da duhun, na ga sauran. Doguwar kanta ta katako da hannaye suka goge ta har tana sheƙi. Bayanta famfunan tsiyayar giya a jere, kowanne da irin mariƙinsa, wani kan akuya, wani jirgin ruwa, ba su ƙare ba sai da bango ya tare su. Firji-firji masu ƙofar gilashi cike da kwalabe, dogaye da gajeru, wasu da toshiya ɗaure da waya. Bangon kuwa tun daga kafaɗa har rufi gwangwanaye ne na giya, tsofaffi, sun yi ƙura. Daga baya na ji cewa mutane daga wasu jihohi suke tahowa takanas don su ɗanɗana abin da ba su taɓa sha ba. Giyar duniya kaf, an tara ta wuri guda, kuma nan ɗan Inna yake wuni.

Na tsaya ina jira raina ya ɓaci. Na san kaina, abin da bai kai wannan ba na ɗaga wa mutum murya har maƙwabta su leƙo. Shiru. Abin da kawai na ji shi ne kular ta yi mini nauyi, sai na ɗora ta a kan kantar, kusa da kofin wani mutum mai karanta jarida.

Wata mata ce a bayan kantar, farar Baturiya mai furfura, ta naɗe hannun riga. Ta dubi mayafina, ta dubi kular, ta tambaye ni da Turanci ko na ɓata hanya. Na ce mata ni ƙanwar wane ce. Tsumman da ke hannunta ya tsaya. Ta leƙa wata ƙofa ta ƙwala kira, sai ga mai wurin ya fito, wani tsoho mai tumbi da gilashi a goshi, bayansa masu kicin biyu da wata mai kai abinci tebur.

Tsohon ya kama hannuna da nasa biyu kafin in janye. Ya ce sun ji, ɗan Kumasin ya kira su. Ya ce sun so zuwa jana'iza amma ba su san ko za a so ganinsu ba. Na ce to.

Na buɗe kular, tururi ya tashi. Na yi musu bayani yadda zan iya: abinci ne da muke rabawa in mutum ya rasu, ladan ya je masa. Wannan sun gane, suka gyaɗa kai. Sannan na ce mahaifiyarmu ta aiko ni in roƙe su su yafe masa.

Suka dubi juna. Tsohon ya sauko da gilashinsa kan hanci ya ce, "Me ya yi?"

Na ce ban sani ba.

"An ce ya ɗauki wani abu ne? Don wallahi bai taɓa ba." Bai ce wallahi ba, amma abin da yake nufi ke nan.

Na ce ba wanda ya ce. Haka muke yi. Mutum ba ya zama da mutane bai taka su ba, ko da harara ce, kuma Allah ba ya yafe haƙƙin wani sai mai shi ya yafe. Don haka kowa ya faɗa da bakinsa, ni kuma in kai wa tsohuwa.

Ɗaya daga masu kicin ya yi 'yar dariya ya ce Yaya ya taɓa kiransa jaki saboda ya bar mai a ƙasa. Na ce, "To ka yafe?" Ya daina dariya, ya cire hularsa, ya ce ya yafe. Na juya ga na kusa da shi. Haka na bi su, yadda nake bin tsofaffina da magani da safe, wannan ya haɗiye, sai na gaba. Har mai jaridar ya sa baki ya ce shi ma ya yafe, ko da yake gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Ya ɗauki waina da cokali mai yatsu, ya tauna, ya tambayi tsohon wace giya ce za ta dace da ita. Na dube shi har sai da ya ajiye cokalin.

Tsohon ya ce in zo in ɗauki kayan Yaya. Ashe Yaya ba ya kicin. A ƙarƙashin ƙasa yake, wani ɗaki mai sanyi inda gangunan giya na ƙarfe suke jere, kowacce da tiyo da ya haura sama zuwa famfunan nan. Shi ke gangaro da su, shi ke sauya wadda ta ƙare, shi ke wanke tiyo. A wani lungu bayan matakala na ga butarsa, irin mai ratsin kore da fari ta gida, da kwali da aka baje a ƙasa, da sallaya a ninke a kan ƙusa. Tsohon ya ce ba mai taka kwalin nan, kowa ya sani. Na zubar da sauran ruwan butar a magudana, na sa ta a leda. Ban tambaye shi ko Yaya yana sha ba, shi ma bai ce ba.

Da muka hau, na tuna saura mutum ɗaya. Mai furfurar tana can ƙarshen kanta tana goge kofin da ya riga ya bushe. Ba ta taɓa wainar ba. Na je gabanta na maimaita roƙona.

Ta ce, "A'a."

Nan ne kawai na ji wani abu ya motsa mini, shi ma ɗan kaɗan. Na ce, "A'a kamar yaya? Mutum yana cikin ƙasa, ke kina nan kina goge kofi, ki ce a'a? Me ya ci miki?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ranar Litinin ɗin da ya rasu, Yaya ya hauro daga ƙasa yana gumi, ya dafe ƙirji, ya zauna a kan waccan kujerar. Ta nuna ta. Ta ce ta ɗauki waya za ta kira motar asibiti, ya riƙe mata hannu. Ta ce to ta kai shi da motarta, ya ƙi. Ya ce ƙwarnafi ne, zai wuce.

"Na ce masa ƙarya yake. Sai ya ce, in aka kai shi asibiti daga nan, ke za a kira, kuma za a gaya miki inda aka ɗauko shi. Ya ce gara ya je gida, gobe ya je asibiti daga can." Ta ajiye kofin. "Na bar shi ya tafi. Ina fushi da shi, ina fushi da kaina. Ke kuma yau na fara ganinki."

Na dubi kujerar. Doguwa ce, fatar kanta ta tsage an liƙe da baƙin salatif. Yaya ya san bakina, shi ke nan. Tare muka tashi, ya san abin da zan ce da yadda zan ce shi, da wanda zan kira in gaya wa kafin rana ta faɗi. Na tsaya ina kallon salatif ɗin nan, ina lura da yadda gefensa ya fara ɗagowa.

Can na ce mata, "Tsohuwa tana jira. Ba ta barci. Kalma ɗaya ce."

Ta dube ni. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki waina ɗaya, ta gutsura ba sukari ba yaji, ta haɗiye da ƙyar. Ta ce, "Ki gaya wa mahaifiyarku na yafe."

Na ce na gode. Na bar musu sauran wainar a faranti, na rufe kulata. Ina fita na ji tsohon ya ambaci sunan Yaya, kofuna suka ƙwanƙwasa juna a bayana. Nasu ke nan, ban waiwaya ba.

A jirgi na zauna da kula a cinya, buta a leda tsakanin ƙafafuna. Mayafina ya ɗauki warin wurin. Wata mata ta matsa ta ba ni wuri, na ce mata na gode, na kalli bayan gidaje suna wucewa har Laurel.

Ban cire takalmi ba na kankare kati. Inna ta ɗauka tun bugun farko.

"Kin je?"

"Na je."

"Sun ci?"

"Sun ci, Inna. Kowa ya yafe. Na ji da kunnena."

Ta sauke numfashi mai tsawo, ta yi hamdala. Ta tambaye ni wane irin wuri ne. Na ce tsohon gini ne, mutane suna zuwa daga nesa, kuma sun ware masa inda yake salla, ba mai takawa. Ta ce Allah ya yi musu albarka, Allah ya ƙara musu kasuwa. Ban ce amin ba, ban kuma gyara mata ba.

Sai ta ce, "Ke fa? Ban ji kin faɗa ba."

Na ce, "Na yafe masa, Inna." Ya fito sumul, ko tuntuɓe bai yi ba.

"Madalla. Yanzu zai kwanta."

Muka yi sallama. Na zauna da wayar a hannu, butar tana gabana a kan tebur, ba ta gama bushewa ba. Inna ta san wanda ake kai wa waina in mamaci ne ya yi laifi. Na so in tambaye ta, ni wa zan kai wa tawa, amma ta riga ta tafi ta kwanta.