Ranar da Goshin Alhaji Nasiru Ya Koma Ƙasa

Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, Alhaji Nasiru, kuma sai bana na iya sake taka birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Na sauka a layin Liuhua, kusa da masaukin da muka saba kama ɗaki ni da shi. Na zaci kuka zan yi. Sai na tarar godiya ce ta fi yawa a zuciyata, kuma ita ta sa na zauna wannan rubutu.

Waɗanda suka san Alhaji a Kano sun san ɗan kasuwar kayan sawa ne, mai zafin nama, wanda ba ya jiran ɗan dako in dai zai iya ɗaga dila da kansa. Wannan halin ne ya ci bayansa. Ciwon ya fara kamar gajiya, daga baya ya koma zugi mai tasowa daga ƙugu ya bi ƙafar dama har tafin sawu. Mun yi na asibiti, mun yi na gargajiya, an yi ƙaho, an shafa man zafi. Ƙarshe dai salla ta koma kan kujera.

Ciwon bai tsaya a baya ba, har halinsa ya taɓa. Mutumin da ke cika gida da barkwanci ya zama mai faɗa. In ya dawo daga kasuwa ya miƙe a tsakiyar falo, sai yara su shige ɗaki. Babban ɗanmu, Kabiru, yana tashen samartaka a lokacin, ya daina cin abinci tare da mahaifinsa. Na fi jin tsoron wannan a kan ciwon kansa.

A wata tafiya muna cikin kasuwar Baima, Alhaji ya sunkuya duba ɗinkin wani wando, sai bayansa ya riƙe. Ya kasa miƙewa, gumi na zuba. Amininsa Alhaji Lawali, mutumin Maraɗi da ya daɗe a garin har yana jin yarensu, shi ya tallafe shi zuwa mota. Ya ce akwai wani likita a unguwar Liwan mai gyaran ƙashin baya da gaɓoɓi da hannu, shi ya yi masa aikin kafaɗa.

Likitan bai yi gaggawar taɓa shi ba. Ya tura mu aka ɗauki hoton bayan, ya duba, sannan ya shiga tambaya, Alhaji Lawali yana tafinta. A kan me yake kwanciya, yaya yake zama a jirgi, me yake ci, yana samun barci? Haƙurin Alhaji ya ƙare.

"Lawali, ce masa allura nake so."

Likitan ya yi murmushi ya ce, "Meyo." Wannan kalma ko ni na san ta daga bakin masu shaguna, babu ke nan.

Ya kwantar da shi a wani siririn gado, ya daɗe yana murza jijiyoyin ƙugu da cinya, sannan ya juya shi gefe ya danna. Na ji ƙashi ya yi ƙas. Can Alhaji ya ce ƙafar ta ɗan saki. Sai likitan ya ce hannunsa rabin aikin ne kawai. Ya nuna masa yadda zai kwanta ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, da yadda zai durƙusa bisa hannu da gwiwa yana lanƙwasa baya a hankali. Ya ce ya riƙa tattaki bayan asuba, ya rage teɓa, ya bar wa 'yan dako dilarsu.

"Ni da girmana in koma rarrafe kamar jariri?" in ji Alhaji.

Alhaji Lawali ya ce, "Rarrafe a ɗaki ba mai ganinka. Kujera kuwa duk sahu na gani."

Sauƙin bai zo lokaci ɗaya ba. Mun koma Kano, yana rufe ƙofa ya yi rarrafensa yana mita. Wani makon ya ji daɗi, wani makon zugin ya dawo har ya ce ya daina, washegari kuma in ji motsinsa a ɗaki. Duk tafiyar da muka yi sai ya koma wurin likitan.

A tafiya ta uku ne, wata la'asar a masaukinmu, ina shirya samfurin kaya a jaka, na ga ya ture kujerar gefe ya ta da salla a tsaye. Ya yi ruku'u, ya sauka a hankali, ya ɗora goshinsa a ƙasa. Ya daɗe bai ɗago ba har na ajiye kayan na matso, ina tsoron bayan ne ya sake riƙewa. Da ya sallame sai na ga gemunsa a jiƙe.

Ya ce, "Hajiya, shekara uku rabon goshina da ƙasa."

Shekara huɗu Allah ya ƙara masa bayan wannan rana. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya zama ajalinsa, kuma har makon da ya kwanta da ƙafarsa yake zuwa masallaci.

Bana da na shiga Baima na yi ta tunanin abin da zai ce. 'Yan kasuwa yanzu ta waya suke zaɓar kaya, kowa wuya a sunkuye, matasa ma na kukan kafaɗa. Na san zai bi su yana ɗaga musu haɓa. Kuma na san ba zai yarda da masu tallar maganin kowane ciwo a waya ba, domin ya taɓa kai wani abokinsa wurin likitan nan, likitan ya ƙi danna shi, ya ce wannan ba ciwon jijiya ba ne, a nufi asibiti. Ashe ƙoda ce. Alhaji ya ce tun daga ranar ya ƙara yarda da mutumin.

Na je Liwan don in gaya wa likitan rasuwar, na tarar ya bar aiki saboda tsufa. Wata 'yarsa ce ke riƙe da wurin. Ita ta duba min kafaɗar da na daɗe ina ɓoye wa yara ciwonta, ni ma yanzu ina da nawa atisayen da tawa mitar.

Idan na auna abin da Alhaji ya bari, ba shagon nake fara gani ba. A waɗannan shekaru huɗu Kabiru ya dawo kwano ɗaya da mahaifinsa, suka riƙa tattakin asuba tare, kuma shi ya yi masa wanka ba tare da wani abu ya rage a tsakaninsu ba. Kafin in taho, autarmu Sadiya, wadda ta buɗi ido ta tarar da uba mai goya ta a wuya, ta ji ana hirar shekarun baya, sai ta tambayi yayanta, "Yaya Kabiru, wai da gaske Baba yana da faɗa?"

Kabiru ya ce, "Ba shi ba ne. Bayansa ne."

Allah ya sa inda kake kwance ya fi kowane gado taushi, Alhaji.