Shekarar da Maigidana Ya Ceci Sa

Kafin korona, duk Babbar Sallah mu Hausawan benayen unguwar Pantai Dalam, masu karatu a ƙasar waje da iyalansu, mukan haɗa hannu mu yanka sa guda, mu baje tabarmi a filin ajiye motoci. Wanda ya sa kuɗi da wanda bai sa ba, tire ɗaya. Tuya kuwa ta Maman 'Yan Biyu ce, maƙwabciyarmu ta hawan ƙasa. Tallafin karatun mijinta ya daɗe da yankewa, kowa ya sani, amma ranar ba mai tunawa. Ita ke riƙe da matsami, tana korar daktoci daga bakin kasko kamar kaji. Ni ma "ke yarinya" take ce min, in na miƙa hannu ta buge shi.

Da aka hana taro kowa ya yi jugum, ban da maigidana. Digirinsa na uku a kan muhalli yake yi, kuma ya gano gyatsar shanu ce ke dafa duniya. A taron ƙungiyarmu da aka yi ta bidiyon waya ya gyara tabarau ya ce annoba ta koya mana hankali: ko an buɗe gari a bar bikin, tallan cin nama ne kawai, ga rashin tausayin dabba. Mai son layya ya yi tasa shiru. Malamai suka gyaɗa kai, aka amince. Mata ba a tambaye mu ba, muna kicin.

Na ce, "Baban yara, to ran Sallah ganye za mu ci?"

"Matsalarki ba kya karatu," in ji shi.

Ran Sallah da azahar sai ga ɗan babur da tapau, wato abincin oda, daga gidan abincin Larabawan unguwar Bukit Bintang: cinyar rago a kan shinkafa, roba cikin leda cikin wata ledar. Mai ceton duniya ya naɗe hannun riga. Wai wannan daban, ba a bainar jama'a ba ne. Ashe muhalli ba ya ganin abin da aka ci an kulle ƙofa.

Haushi ya hana ni ci. Na zuba rabi a kwano, na sa takunkumi na sauka. Maman 'Yan Biyu ta buɗe ƙofa, 'yan biyun na bayanta cikin kayan Sallah, gidan na ƙamshin taliya da manja. Ta dubi kwanon ta daɗe. Sannan ta karɓa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

"Allah ya saka da alheri, Hajiya."

Wallahi gara ta zage ni. Duk shekarun nan naman Sallah ta hannunta yake bi kafin ya kai bakina, mu ke gode mata.

An buɗe gari daga baya. Sa ya tsira, maigida ya zama dakta. Ita kuwa har suka koma gida ba ta daina ce min Hajiya ba.